Allon Masu Fasa Sauka

Ranar Litinin Mai Cingam ya ƙwace min jirgi sau biyu cikin awa ɗaya.

Mai Cingam shi ne malamin da ke koya min tuƙin jirgin sama. Ban taɓa ganin bakinsa a tsaye ba, ko yana magana ko yana tauna, shi ya sa muka laƙaba masa sunan. A makarantar akwai doka: mutum biyu ba sa riƙe jirgi lokaci ɗaya. Idan malami zai karɓa sai ya ce, "Jirgi a hannuna," kai kuma ka ce, "Jirgi a hannunka," ka saki sitiyari ka ɗaga hannu ya gani, kamar ɓarawon da aka ritsa. Wannan maganar ba ni da abin da na tsana irin ta. Har a mafarki nake jin ta.

Tashi ba ya ba ni wahala. Juyawa a sama, karatun agogunan gaban jirgi, magana da hasumiya ta rediyo, duk na iya, ba yabon kai ba. Sauka ce ta zame min ƙarfen ƙafa. Sai in taho da kyau, titi a miƙe a gabana, sai a ƙarshe in ga na yi sama da yawa ko gudu ya yi yawa. Maimakon in haƙura, sai in danna hancin jirgin ƙasa in ce yau ko ni ko kai. Tayoyi su daki kwalta, jirgi ya yi tsalle, ya sake dira, ya sake tsalle. Nan ne Mai Cingam zai ce abin nasa, ya tura totur har ƙarshe, mu koma sama.

Bayan mun sauka muka zauna a ɗan ɗakin da ake bitar darasi, mai tebur ɗaya da kujera biyu da fankar da ba ta juyawa. Ya buɗe fayil ɗina.

"Awa goma sha takwas ke nan," ya ce. "Kin san doka."

Na sani mana. Duk wanda ya cika awa ashirin malamai ba su yarda ya tashi shi kaɗai ba, an gama da shi, sai ya tattara kayansa. Awar ƙarshe kuma ba da malaminka za ka yi ta ba, da babban malami ne, wani tsoho da muke kira Alƙali.

"Laraba ni da ke, Juma'a ke da shi," in ji Mai Cingam. "Kuma zan sake faɗa miki: in sauka ba ta daidaita ba, ki fasa. Ki koma sama ki sake zagayowa. Sama ba ta ƙarewa, titi ne ke ƙarewa."

"Na ji, Malam."

Wallahi ban ji ba. Ya faɗi maganar nan ta fi sau talatin, har ta zame min ɗaya da ƙarar taunarsa. Abin da kunnena ke kawo min kawai shi ne yana cewa ban iya ba.

Mu uku ne a gidan da makaranta ta ba mu, hawa na biyu, a ƙarshen layin da bas ke juyawa. Akwai ni, akwai Dogo, akwai Farfesa, kowa da ƙasar da ya fito. Dogo sai ya sunkuya yake shiga jirgi, bakinsa kuma ya fi ƙafarsa tsawo. Farfesa mai tabarau ne, shiru-shiru, ko shayi zai haɗa sai ya karanta bayan kwali. Ni kuma Barkono suke ce min, kuma ban taɓa musu ba.

Tun watanmu na farko Dogo ya manna wani ƙaramin allo a jikin firji, ya ja layi uku, ya rubuta sunayenmu. Duk wanda ya fasa sauka ya koma sama, za a ja masa sanda ɗaya da alli, kuma kowace sanda wankin tukwanen yini guda ce. Amma in malami ne ya karɓi jirgin, ba a rubutawa, domin a cewar Dogo ba kai ka tsorata ba. Wasa ne muka fara don raba wanke-wanke, sai ya zama abin da kowa ke fara kallo in ya shigo kicin.

Layin Farfesa ya cika har ya sauko ƙasa. Bawan Allahn nan hannunsa har ya yi fari saboda sabulu. Nawa da na Dogo kuwa fes, ko ɗigon alli babu, muna ta hura hanci. Shi Farfesan tun a awa ta goma sha huɗu ya tashi shi kaɗai, muka ce sa'a ce. Ni da nake ganin kaina da wayo, ban taɓa tsayawa na haɗa abu biyun nan wuri ɗaya ba.

Talata aka tashi da iska mai ƙarfi, babu wanda ya tashi. Muka yini a aji ana koya mana gajimare da sunayensu, ga jarrabawar yanayi ranar Alhamis. Ina kallon allo, rubutun yana rawa. Kwana huɗu ke nan barcina rabi da rabi, abinci kuma in na sa a baki kamar ina tauna takarda. Wuyana ya sandare, bayan idona yana zafi. Malamar ta tambaye ni wani abu, na ba ta amsar tambayar da ta wuce, aji ya kwashe da dariya. Na yi tsaki a ciki, don ko ƙarfin yin na waje ba ni da shi.

Da yamma Baba ya kira. Baba tsohon direban tirela ne, shekara talatin da biyu yana kan titi kafin gwiwa ta zaunar da shi. Shi ya koya min mota tun ƙafata ba ta kai birki ba. Ni ce autarsa, kuma tun ranar da na samu gurbin nan bai sake kirana da wani suna ba sai Kyaftin.

"Kyaftin! Ya sama?"

"Lafiya lau, Baba."

"An ba ki jirgin ke kaɗai ko har yanzu suna tsoron ki fi su?"

"An kusa, Baba."

"Haka nake son ji. Ke jinina ce. Ni a zamanina, komai ƙuncin ƙofa, ribas ɗaya nake yi tirela ta shige. Direban da ke fita yana sake shiga, wannan ai ɗan koyo ne."

Na girma da wannan maganar. A wurin cin abinci ya faɗe ta, a gaban baƙi ya faɗe ta, ranar da na ci jarrabawar mota ya faɗe ta. Na ce masa to, na yi dariyar da yake so, muka yi sallama. Na daɗe zaune a bakin gado da takalmi a ƙafata, na kasa sunkuyawa in kwance igiyar.

Laraba na yi awata ta goma sha tara. Sauka shida muka yi. Huɗu ba laifi, ɗaya ta yi ƙarfi har haƙorana suka haɗu, ta ƙarshe kuma na ji "Jirgi a hannuna." Na saki sitiyarin da ƙarfi har hannuna ya bugi gilashi.

"Saura kaɗan fa in daidaita shi!" na ce.

"Saura kaɗan ki karya masa ƙafar gaba," in ji Mai Cingam, bai ko kalle ni ba.

A ranar ne kuma Dogo ya yi tasa awar ta ashirin da Alƙali. Ina zaune a benci a gaban rumfar jirage na ga sun dawo. Alƙali ya fito, ya miƙa masa hannu, ya tafi ofis. Dogo ya tsaya shi kaɗai yana ɗaure jirgin da igiya a ƙasa, ya ɗaure fiffike ɗaya ya kwance, ya sake ɗaurewa. Ban je wurinsa ba. Tsoro ne ya hana ni, ba zan ɓoye ba, gani nake kamar abin yana yaɗuwa.

A bas muka zauna kujera ɗaya, gwiwoyinsa sun tokare ta gaba. Mutumin da ba ya iya shiru na minti ɗaya, sai da muka wuce tasha biyar kafin ya buɗe baki.

"Na sauke shi fa, Barkono. Duk sau ukun na sauke shi. Ko sau ɗaya bai taɓa sitiyari ba."

"To me ya ce?"

"Wai na iya tuƙi, amma ba zai iya ba ni jirgi ba. Ke kin taɓa jin irin wannan?"

Ban taɓa ji ba. Na zagi Alƙali, na zagi makarantar, na zagi wanda ya ƙirƙiro dokar awa ashirin, duk don Dogo ya ji sanyi. Amma a raina lissafi nake yi. In wanda ya sauke sau uku an kore shi, ni da ake ƙwace wa jirgi ina zan sa kaina?

Alhamis da safe muka taya shi sauko da akwatuna. Ya bar wa Farfesa tukunyar shayinsa, ni ya bar min na'urar kunnensa ta rediyo, wai tawa tana ƙara. A kicin ya tsaya gaban firji ya kalli allon.

"Ko ba komai na tafi ban wanke tukunya ba," ya ce, ya yi wata dariya da ba ta kai ko'ina ba.

Daga nan na wuce jarrabawar yanayi. Na rubuta abin da na rubuta. Tambaya ta bakwai na karanta ta sau huɗu ban gane me take so ba, na bar ta. Da na fito na zauna a matakala na kira Yaya, domin ita kaɗai ce zan iya gaya wa gaskiya. Yaya ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, ita ta goya ni, kuma har yau ba ta daina yi min magana kamar ina bayanta ba.

Na zayyana mata komai, awa ashirin da Alƙali da Dogo.

"Yaya, in aka koro ni da wane ido zan kalli Baba? Mutumin da duk unguwa ya gaya wa 'yarsa Kyaftin ce? Shi da ribas ɗaya yake shiga ƙofa, ni na kasa ajiye ɗan jirgin da bai kai kan tirelarsa nauyi ba."

Sai na ji ta fashe da dariya. Ni ina nan zuciya ta kawo min wuya, ita tana can tana dariya har da tari.

"Ribas ɗaya! Ke Auta, Allah ya shirye ki. Katangar ƙofar gidanmu, ba ki taɓa lura gefe ɗaya bulonsa daban ba ne? Sau uku ana gina ta. Na ukun ma har da bishiyar maƙwabta ya haɗa. Ke lokacin kina zanen goyo. Ribas ɗaya kam yana yi, sai dai a tambayi magini."

"Yaya, ni ina miki maganar rayuwata kina min maganar bulo?"

"To yi haƙuri. Kin ci abinci?"

"Ban ci ba."

"Je ki ci, ki kwanta. In sun koro ki, ɗakinki yana nan, na ma sa an gyara tagar. Ba kanki farau ba."

Na kashe wayar ina huci. Wai ɗakina yana nan! Wa ya ce mata ɗaki nake nema? Amma na bi maganarta, na tsaya a shagon kusa da tasha na sayi burodi da ƙwai. Da na isa gida Farfesa yana bakin famfo yana goge tukunya. Ya zuba min shayi a kofin Dogo, ya miƙo min. Tun rana ba ta gama faɗuwa ba na kwanta da kayan jikina.

Juma'a ƙarfe bakwai ina gaban ofishin Alƙali. Tsoho ne ɗan siriri, gashinsa fari fat, yana saka wata rigar sanyi mai faci a gwiwar hannu. Ba ya ɗaga murya, ba ya murmushi. Fayil ɗina yana buɗe a gabansa, yana bin layukan da bayan biro.

"Zauna, 'yata. Kin yi barci?"

"Na yi, ranka ya daɗe."

"Sauka hamsin da takwas kika yi tun da kika zo. Malaminki ya karɓi jirgi sau tara." Ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau. "Sau nawa ke da kanki kika fasa?"

Na gyara zama. Ga tambayar da nake da amsarta mai kyau.

"Ko sau ɗaya, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Uhm." Ya rubuta wani abu gajere, ya rufe fayil ɗin. "Mu je."

Na zagaya jirgin na duba shi kamar yadda aka koya mana, mai da tayoyi da fikafikai. Muka shiga, muka ɗaura bel. Ya ce min zagaye uku za mu yi, sauka uku. Daga nan ya harɗe hannuwansa a ƙirji ya jingina, kamar wanda ya shiga bas.

Saukar farko ta yi kyau. Ba ta burgewa ba ce, amma tayoyi sun taɓa inda ya kamata. Na tura totur muka sake tashi, na hau har tsayin ƙafa dubu, na juya, na bi gefen titi, na sake juyowa.

A ta biyu ne halina ya dawo. Wata 'yar iska ta tallafo ni daga ƙasa, na ga titi ya yi min nisa a ƙarƙashi. Na rage totur, na danna hanci. Gudu ya ƙaru. Farin zanen da ya kamata in taɓa ya wuce ta ƙarƙashina, na biyu ya wuce, jirgi yana ta shawagi ya ƙi zama. Na san wannan wurin sarai, sau tara ina zuwa nan. Nan ne ake cewa "Jirgi a hannuna." Har yatsuna sun fara sassautawa a kan sitiyari, bakina ya shirya amsa.

Shiru.

Na saci kallonsa. Hannuwansa suna nan a harɗe. Ko motsi bai yi ba, yana kallon gaba abinsa. Rabin titi ya tafi, shingen ƙarshe da ciyawar bayansa suna tahowa. Sai a lokacin abin ya faɗo min, a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu: ashe duk fasawar da ya kamata in yi, yi min ake yi. Sau tara wani yana tura totur a madadina, ni kuma ina komawa gida ina kallon layina fes a jikin firji.

Zan iya danna shi ƙasa da ƙarfi, wataƙila birki ya kama kafin shinge. Dogo da haka ya yi ta saukewa. Na ji muryar Baba, ribas ɗaya, sai kuma na ga katangar gidanmu da bulonta kala biyu, abin da na wuce ta gabansa shekara ashirin ban tambaya ba.

Na tura totur har ƙarshe. Inji ya yi ruri, na daidaita hanci, na jira gudu ya kawo, muka fara hawa. Na danna maɓallin rediyo na gaya wa hasumiya na fasa, zan sake zagayowa. Muryar da ta fito ban gane tawa ba ce.

Shi ke nan, na ce a raina, ta faru ta ƙare. A gaban Alƙali, a awar ƙarshe, na nuna ban iya ba. Hawaye suka cika min ido, ga shi babu hannun sharewa, ɗaya yana sitiyari ɗaya yana totur. Na zagayo ina haɗiye su. Da na sake tahowa jirgi ya karkace ya bar tsakiyar titi. Wannan karon ban ma jira kowa ba. Wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Na sake tura totur, na sake gaya wa hasumiya.

A zagaye na gaba na sauke shi lafiya, don ba ni da sauran abin da zan kare. Ban tsaya yin sauka ta uku ba, na fita daga titi na nufi rumfa a hankali, ina lissafin akwatina, wanne zan cika da littattafai, wa zan bar wa na'urar Dogo.

"Tsaya nan," in ji Alƙali.

Ba mu kai rumfa ba, muna gefen hanya kusa da ciyawa. Na taka birki. Ya cire na'urar kunnensa, ya kwance bel, ya buɗe ƙofa ya sauka da ƙyar irin ta tsofaffi. Sai ya juyo ya sunkuya cikin jirgin, ya jawo bel ɗin kujerarsa ya ɗaure shi a kan kujerar da babu kowa, ya ja shi ya yi tsam don kada ya yi lilo ya kama wani abu. Na taɓa ganin an yi wa Farfesa haka. Na san abin da ake nufi, amma kaina ya ƙi ɗauka.

"Zagaye ɗaya, sauka ɗaya," ya ce da ƙarfi saboda ƙarar inji. "Zai yi miki sauƙin tashi tunda babu nauyina, kada ki firgita."

"Ranka ya daɗe, sau biyu fa na fasa."

"Na gani, ai ina ciki. Abin da na zo gani ke nan. In ba ta yi ba, ki sake. Akwai mai."

Ya rufe ƙofa, ya buga ta sau biyu da tafin hannu, ya juya ya tafi cikin ciyawa bai waiwayo ba.

Mutane suna ba da labarin tashinsu na farko su kaɗai, wai sun yi ihu, wai sun yi waƙa. Ni ban yi ko ɗaya ba. Na gaji, gajiyar da har cikin ƙashi. Jirgin ya tashi da wuri kamar yadda ya faɗa. A sama na kalli damata don in ga ko an yarda da juyawata, na ga kujera da bel a ɗaure, na mayar da idona gaba. Da na taho sauka na ga na yi sama kaɗan. Kaɗan ne, da jiya ne da na danna. Na hango mutum biyu a bakin shinge, Alƙali da tabarau, Mai Cingam yana tauna, na san suna ƙirgawa. Na ce ku ƙirga, na tura totur na koma.

Ta biyun ta zauna kamar an ajiye kofi a tebur.

Da na kashe inji na kasa fita. Na zauna ina jin ƙarfe yana ƙyas-ƙyas yana hucewa, rigata ta manne a bayana. Mai Cingam ya zo ya buɗe ƙofa, kuma a karo na farko tun da na san shi na ga bakinsa a tsaye. Ya miƙo min cingam ɗaya. Na karɓa, ban ma san na ce na gode ba ko ban ce ba.

A bas na yi barci har ƙarshen layi, direba ne ya tashe ni a inda yake juyawa. Na hau matakala ina riƙe bango. A kicin na ɗauki alli na ja sanda uku a ƙarƙashin sunana. Kusa da su ga layin Dogo, sunansa yana nan da rubutun hannunsa, ƙasansa babu komai. Na tsaya ina kallon wurin har idona ya yi zafi. Da ni aka fara kira ranar Laraba, da yanzu shi ne a tsaye a nan yana kallon nawa.

"Bar shi, yau ranarki ce, ni zan wanke," in ji Farfesa daga bakin ƙofa. "Ko ma mu cire allon gaba ɗaya."

"Kada ka taɓa shi. Miƙo min soso."

Ina cikin kankare ƙanzon shinkafar jiya waya ta yi ƙara. Na goge hannu ɗaya a riga, na maƙale ta a kafaɗa.

"Kyaftin! Yayarki ta ce yau ce ranar. Ya aka yi?"

"Sun ba ni, Baba. Na tashi ni kaɗai."

Ya yi kabbara har wayar ta yi ƙara a kunnena. Na ji yana kiran mutanen gida, yana faɗa wa wani a waje. Sannan ya dawo yana haki.

"Na faɗa musu! Shiga ɗaya kika yi ko? Irin ta ubanki?"

Na kalli sanduna ukun da ke jikin firji. Ƙarya tana bakina, mai sauƙi, wadda za ta faranta masa.

"A'a, Baba. Sau uku ina fasawa ina sake zagayowa."

Na ji ƙarar rediyonsa a can baya, na ji ya gyara zama a kujerar nan tasa mai kuka. Na tsaya da soso a hannu, kumfa tana gangarowa gwiwar hannuna, ina jira.

"Auta," ya ce. Rabon da ya kira ni haka tun kafin in taho. Muryarsa ta yi ƙasa, yadda na waje ba za su ji ba. "Kin taɓa katanga?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"To kin fi ubanki."

Na ce masa ruwa yana zuba, zan kira shi gobe. Na ajiye wayar a kan firji, na share fuskata da bayan hannu, sabulu ya shiga min ido. Ƙanzon ya kama ƙasan tukunyar sosai, sai da na zuba ruwan zafi na bar ta ta jiƙa, na ja kujera na zauna ina jira.